Rediyon tauraron ɗan'adam: wa zai amfana, wa zai zubar da kuɗinsa?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan makon, biyu daga Amurka, ɗaya daga Kano, ɗaya daga Maraɗi, kuma duk a kan abu guda suke.

Tambaya: Ni direban tirela ne, zaune a Columbus ta jihar Ohio, ina ɗaukar kaya zuwa Texas da jihohin yamma. Da na bar gari sai tashoshin FM su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. An ce in sa rediyon satalayit. Tsakanin Sirius da XM wanne ya fi, kuma wace na'ura zan saya?

Amsa: Malam, wanda ya ba ka wannan zaɓin ya kwana biyu bai bibiyi lamarin ba. XM ta fara watsa shiri a 2001, Sirius ta biyo baya a 2002, suka yi ta gasa suna tafka asara har suka haɗe a watan Yulin 2008. Yau kamfani ɗaya ne, SiriusXM, kuma ba shi da kishiya a Amurka da Kanada. Abin da ya rage maka ka zaɓa shi ne na'ura da tsarin biya.

Sai dai tsohon rabon bai mutu gaba ɗaya ba. Kowane ɓangare yana da nasa zango a iska, Sirius daga megahaz 2320 zuwa 2332.5, XM daga nan zuwa 2345, kuma tsohuwar na'urar wannan ba ta jin yaren wancan. Tsofaffin motocin Ford da Chrysler da BMW sun zo ne da Sirius, na GM da Honda kuwa da XM. Sababbin na'urori a kan ɓangaren XM aka gina su, can ne kuma tashoshi suka fi yawa. Saboda haka in ka ga tsohuwar na'urar Sirius irin Starmate ko Stratus ana gwanjonta da arha, wuce abinka.

Fara da duba rediyon da ke cikin tirelar. In akwai maɓallin SAT ko SXM, wataƙila ba ka bukatar sayen komai. Murɗa zuwa tasha ta 1. In ka ji ana magana, na'urar da eriyarta lafiya suke. Tasha ta 0 kuma za ta nuna maka lambar na'urar, wadda da ita ake yin rajista. In an rubuta SiriusXM-Ready a fuskar rediyon, kamar yadda ake gani a wasu na Pioneer da Kenwood da Alpine, ƙaramin akwatin SXV300 kawai za ka saya a jona shi ta baya, ya ɓuya cikin dashbod. Wannan ya fi tsabta, sauti kuma ya fi kyau. In babu ko ɗaya, sai na ɗorawa irin su Onyx ko Roady BT. Ga direban da kamfani ke yawan sauya masa mota, na ɗorawan ne shawararmu, domin rajistar tana bin na'ura ne ba mutum ba: ka cire abinka ka tafi da shi sabuwar mota, ko ka shiga da shi gida.

Inda direbobin tirela suka fi shan wahala shi ne eriya. Wadda ake sakowa a kwali 'yar mitsitsiya ce mai maganaɗisu, an yi ta ne don rufin ƙarfe. Rufin manyan tireloli kuwa galibi faiba ne ko alminiyam, ba za ta kama ba, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinta na taimaka mata wajen kamun. Mutum sai ya ajiye ta a kan dashbod, ta yi aiki muddin ya nufi kudu, da ya juya arewa rufin ya tare ta sai shiru. Taurarin suna can sama da layin tsakiyar duniya ne, wato kudu da Amurka, don haka dole eriya ta ga sararin kudu. Nemi eriyar tirela wadda ake ɗaurawa a ƙarfen madubi, ka ɗaga ta yadda kan motar ba zai yi mata inuwa ba. Wayarta siririya ce. Bi da ita ta cikin robar ƙofa a hankali, kada ka lanƙwasa ta sosai, kada ƙofa ta riƙa datse ta. In allo ya nuna Check Antenna, matsalar waya ce ko bakin jonawa. In ya nuna No Signal ko Acquiring Signal, wayar lafiya take, wani abu ne ya tare sama: gada, dutse, rumfar gidan mai. Ƙaramar gada ba ta cika katse sauti ba saboda na'urar na riƙe daƙiƙu kaɗan a ajiye, amma dogon rami a ƙarƙashin dutse zai katse.

Sai maganar shigar da sautin cikin lasifikan mota. Wayar AUX ta fi komai, Bluetooth na bi mata. Hanyar da na'urar ke watsawa ta wani gurbin FM da ba kowa tana aiki a daji, amma kai da ke ratsa birane, gurbin da yake fili a Ohio sai ka tarar da tasha zaune a kansa a Dallas, ka yi ta murɗe-murɗe kana tuƙi. In kuma ka ji wani siririn kuka yana tashi duk lokacin da ka taka totur, daga wutar mota yake shigowa. Akwai 'yar na'urar tace ƙara da ake sawa a tsakiyar wayar AUX, ba ta da tsada.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya kamata ka sani kafin ka biya: a cikin tashoshi sama da 150 babu ta Hausa ko ɗaya. Akwai BBC amma ta Turanci, akwai SiriusXM FC ta ƙwallon ƙafa, akwai Road Dog Trucking ta ku direbobi. In labaran gida da tafsiri ne abokan tafiyarka, sauke su a waya kafin ka tashi ya fi maka.

Tambaya: Mun sayi sabuwar mota a New York, ta zo da wata uku kyauta. Ya kusa ƙarewa, ana ta aiko mana da tayin dala kaɗan a wata. Maigida tasi yake yi a cikin gari. Mu karɓa?

Amsa: Hajiya, karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tayin kafin manyan. Rangwamen na wa'adi ne, wata shida ko shekara, kuma da ya cika rajistar za ta sabunta kanta a kan cikakken farashi, a cire daga katin da kuka bayar ba tare da an sake tambayarku ba. A 2025 cikakken farashin ya kasance tsakanin dala 10 da 25 a wata, gwargwadon tsari. A ce kun shiga a kan dala 5: shekarar farko dala 60 ke nan. A ce ya koma 24: shekara ta biyu 288. Ku tambayi jimillar da za a cire bayan haraji da kowane ƙari, domin a baya an daɗe ana ɗora wani cajin haƙƙin mawaƙa da ya haura kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka tallata. Batun fita ma ya taɓa kaiwa kotu: a Disambar 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin ƙara kan wahalar da masu son soke rajista, kuma a Nuwambar 2024 alƙali ya ce hanyar sokewar ta saɓa wa dokar tarayya. In kun shiga, ku sa ranar ƙarewar rangwamen a waya, da tunatarwa mako biyu kafin nan. Wanda ya kira ya ce zai fita, sau da yawa akan yi masa sabon tayi.

To amma kuna bukatarsa? Amfanin tauraron ɗan'adam shi ne isa inda hasumiyar waya ba ta isa. Maigida yana yawo tsakanin Bronx da Manhattan, inda sabis ya wadata. A can ma dogayen gine-gine na tare sama, ƙananan tashoshin ƙasa da kamfanin ya kafa ne ke cike giɓin. In yana da data mara iyaka, wayarsa za ta ba shi duk abin da yake so har da tashoshin gida. Ko data mai iyaka ce, lissafin ba ya da ban tsoro: rediyon intanet mai gudun kilobit 64 na cin kusan megabait 29 a awa, awa goma a rana bai kai megabait 300 ba. Mu dai ba za mu biya ba, sai in fasinjoji ne ke son kiɗa ba talla, ko shi mai bin wasannin Amurka ne kai tsaye.

Tambaya: Na sayi Camry 'yar Amurka a Kano, akwai maɓallin SAT da 'yar ƙahon nan a rufinta. Wani mai gyaran rediyo ya ce zai buɗe mini shi in na biya. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Ba kulle aka yi ba balle a buɗe. Taurarin XM suna tsaye ne a digiri 85 da 115 yamma, Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi gabas. Tauraron da ke irin wannan matsayi ba a hango shi daga wurin da ya yi masa nisan sama da digiri 81, tsakaninka da na kusa kuwa ya haura 93. Doron ƙasa da kansa ne ya shiga tsakani, kuma ko da ana hango shi, Arewacin Amurka aka saita haskensa. Babu waya ko manhajar da za ta gyara wannan.

Abin da mai gyaran zai iya yi maka na gaske daban ne. Rediyon motar Amurka yana tsallen 0.2 a FM, a kan lambobi mara kawai, 99.3, 99.5, 99.7. Freedom a 99.5 za ta shigo tas, amma tashar da ke kan lamba cika irin 100.0 ba zai tsaya a kanta daidai ba, abin da za ka fi lura da shi in ka tsallaka Nijar. A AM kuma tsallen 10 yake yi alhali namu 9 ne, shi ya sa 594 ta Rediyon Kaduna ba ta zama daram. Wasu rediyon ana iya sauya musu yanki a cikin saiti, wasu sai an canza kan gaba ɗaya.

Tambaya: Mahaifina ya bar mana rediyon WorldSpace na Hitachi mai eriya kamar murfin littafi. Za a iya farfaɗo da shi? In ba haka ba, mu da ke ƙauye inda FM ba ta kaiwa sosai, wace hanya ce?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Wannan rediyon tarihi ne. Noah Samara, haifaffen Habasha, shi ya kafa WorldSpace a 1990 da burin kai rediyo mai tsabtar sauti ƙauyukan Afirka da Asiya. An harba tauraron AfriStar a Oktoban 1998, ya tsaya a digiri 21 gabas, kusan saman kanmu. Na'urorin suka yi wa talaka tsada, aka zo kuma da kuɗin wata, masu biya ba su taru ba, kamfanin ya durƙushe a Oktoban 2008. Ɓangaren satalayit ɗin ba zai sake magana ba. Kada ka jefar da shi dai: in samfurin KH-WS1 ne, yana da FM da matsakaicin zango da gajeren zango, kuma waɗannan ba ruwansu da kamfanin.

Hanyar da ta rage tana nan a gidaje da yawa ba a lura da ita ba. Dish ɗin da ake kallon talabijin da shi yana ɗauke da tashoshin rediyo. A risiba mai kama tashoshin kyauta irin Strong, danna maɓallin TV/Radio a rimot, jerin zai fito. In babu komai, sake bincike a kan tauraron da aka saita, ka tabbata ba a zaɓi talabijin kaɗai ba. Abin da za ka samu ya dogara da inda dish ya fuskanta: Arabsat da Nilesat sun fi tashoshin Larabci da na karatun Alƙur'ani, DStv kuma ta jera nata a lambobin 800 ga mai biyan kuɗin wata. Ba sai an kunna talabijin ba. Ɗauki waya mai kai ja da fari daga bayan risiba zuwa lasifika mai amfilifaya, ka nemo tashar sau ɗaya da allo a kunne, sannan ka kashe shi. Risiba kaɗai wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola da batir za su riƙe ta dare guda.

Aibinsa biyu. Ba ka tafiya da shi gona ko kasuwa, don dish in ya gusa da ɗan yatsa ya rasa tauraron. Sannan da damina, hadari mai nauyi yana yanke shi har sai ya wuce. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi na 60 jurewa. In kuma rana tsaka ba hadari ya ɗauke, kafin ka kira mai saiti hau ka duba bakin wayar da ke shiga LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish, yawanci ruwa ne ya shiga ya yi tsatsa. Yanke santimita kaɗan, sa sabon kai, ka naɗe shi da salatif ɗin wuta.