Fuska shar, ƙirji na ci da wuta: abin da na gaba suke ji a tseren kilomita 21

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Birni a nan Damagaram, shekarata biyu ina fita gudu bayan sallar asuba. Na kalli tseren rabin fanfalaki na birnin Balensiya da ke ƙasar Sifaniya a waya, sai na ga na gaba suna tafe fuskarsu shar, kamar waɗanda aka aika kasuwa. Ni kuwa in na kama hanyar Mirriya, da na kai kilomita 14 sai ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗaura musu tubali. Shin su ba sa jin abin da nake ji ne? Me mutum yake ji a cikin wannan ayari na gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Suna ji, har ma fiye da kai. Sun dai iya zama da zafin ne, sun kuma san daidai inda ba a ƙetarewa.

Bari mu fara da lissafi don ka ga girman abin. Tsawon tseren kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato ka tashi daga nan ka wuce Mirriya da kamar kilomita uku. A Balensiyar da ka kalla, a watan Oktoba na 2024, Yomif Kejelcha ɗan Habasha ya yi shi cikin minti 57 da sakan 30. Kowace kilomita ke nan a minti 2 da sakan 43 ko 44. In ka shiga filin wasa, zagaye ɗaya na mita 400 a sakan 65, sannan ka yi hakan sau 52 da ɗoriya ba tsayawa. Gobe ka gwada zagaye ɗaya tak da agogo a hannu. A ɓangaren mata, Letesenbet Gidey, ita ma ƴar Habasha, ta yi awa 1 da minti 2 da sakan 52 a wannan birni a 2021.

To me ke faruwa a cikin jiki? Ka san rufin soro da indararo a damina. Muddin ruwan da ke sauka bai fi ƙarfin indararon ba, ɗakin lafiya lau. Da ya ɗara da kaɗan, sai ruwa ya kwanta a kan rufi, can anjima ka ji ɗis a tsakar ɗaki. Haka tsoka take. In kana gudu tana ƙona sukari, tana fitar da wani sinadari da ake kira laktet, tare da tsami da ke taruwa a cikinta. Jiki yana kwashe su yana sake amfani da su. Akwai saurin da in ka tsaya a ƙasansa, kwashewa tana daidai da zubowa. In ka haura shi, sai tsamin ya fara taruwa, numfashi ya ƙi daidaituwa, ƙafa ta yi nauyi. Wanda ya horu sosai yana iya riƙe wannan sauri na bakin iyaka kusan awa guda. Ka ga kuwa manyan ƴan gudu awa guda ɗin suke yi a wannan tsere. Shi ya sa nake ganin ya fi cikakken fanfalaki na kilomita 42 rashin imani ta wani ɓangaren: a na 42 kana tafiya ƙasa da iyakar, kana tattalin guzuri, a wannan kuwa daga bugun bindiga har ƙarshe kana kan bakin indararon, ruwa na taɓa leɓe.

Ranar tsere tana farawa tun duhu. Awa uku ko huɗu kafin a tashi mutum ya ci ɗan abin da cikinsa ya sani, burodi da zuma, shayi ko kofi, ba a gwada sabon abinci a ranar. Mota ta kwashe su daga masauki zuwa rumfar manyan ƴan gudu. A ɗan sassarfa minti goma sha biyar ko ashirin, a duba lambar ƙirji da na'urar ƙirga lokaci, a jera su a sahun farko, dubban mutane a bayansu. Wannan tsayuwar ta ƴan mintuna cikin sanyi, jiki na hucewa, fitsarin tsoro na matsowa, ƴan gudu da yawa sun fi ƙin ta a kan gudun kansa.

Kilomita biyar na farko yaudara ce zalla. Jiki a hutu, mutane na ihu a gefen titi, ƙafa ba ta jin ƙasa. Saurin da ya kamata sai ya zama kamar tafiyar hawainiya, zuciya ta riƙa cewa ƙara. Ni kaina na taɓa cin wannan bashi a wani birni na bakin teku lokacin ina da ƙuruciya: na bi ayarin da ba nawa ba, na yi kilomita uku na farko da sakan goma-goma ƙasa da lissafina. Sakan talatin na ci. A kilomita 16 na biya su da minti uku, har wani dattijo mai furfura ya wuce ni yana min sannu.

Don gudun irin wannan ne ake ɗaukar hayar zomaye. Haka ake kiran su da Faransanci, kuma sunan ya dace: ƴan gudu ne da ake biya su ja ayari a kan wani sauri da aka yi yarjejeniya, zuwa kilomita 10 ko 15, sannan su koma gefe. Amfaninsu biyu. Suna ɗauke wa na baya wahalar lissafi, kuma suna tare musu iska. Wanda ke gudun kilomita 22 a awa, ko ba a kaɗa iska, shi da kansa yake haɗa ta, kamar yadda kake ji a kan kabu-kabu. Shi ya sa za ka gan su a cure, gwiwar hannu na gogar juna, wani na taka dugadugan wani. A gabansu mota ce ɗauke da babban agogo, da babura masu kyamara.

Birni kuma yana da nasa halin. Tsakanin dogayen gine-gine iska tana matsewa ta fito da ƙarfi a mahaɗar tituna. Kwana mai kaifi tana karya taku. Gada da mai mota bai san ya hau ba, ƙafar da ta yi kilomita 17 ta san ta. Akwai kuma maganar layi: masu awo suna auna hanya da keke mai na'urar ƙirga juyin taya, suna bin mafi gajartar layin da mutum zai iya bi, har su ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Wanda ya riƙa buɗewa a kwana ya ƙara wa kansa tafiya a banza. Balensiya shimfiɗe take a bakin teku, kuma safiyarta a ƙarshen Oktoba da sanyi-sanyi, shi ya sa ake zuwa can neman lokaci.

Yanzu ga fuskar da ta ruɗe ka. Koyo ne. Cije haƙora da ɗage kafaɗa ƙarfi suke ci, don haka tun a horo ake sabawa da sakin muƙamuƙi da hannu ko ƙirji na ci da wuta. Sannan akwai siyasa. Ka san ɗan kokowa ba ya bari abokin karawa ya ga gwiwarsa ta yi sanyi. A cikin ayarin nan kowa yana sauraron numfashin na kusa da shi. In ka ji na gefenka ya fara huci da ƙarfi, nan ne za ka ƙara wuta. In za ka sake kallo, bar fuska. Dubi kai ko ya fara karkata baya, dubi kafaɗa, dubi taku ɗaya da ya buɗe tsakanin mutum da na gabansa. Wannan taku ɗaya, cikin minti guda sai ya zama mita goma.

Asalin tseren daga kilomita 15 yake farawa, bayan zomaye sun janye. Ayarin mutum goma ya koma uku. A nan tunani yakan tsuke, ba a jin ihun jama'a sosai, mutum ya daina lissafin abin da ya rage, ya koma cewa bari in kai wancan fitilar titi, sai wata. Bayan an ƙetare layi kuma ba hutu nan take: ma'aikacin gwajin ƙwayoyi yakan tsaya a gefen wanda aka zaɓa, ya bi shi duk inda ya nufa har sai ya ba da fitsari.

Kada ka manta da abin da ke bayan awa gudan nan. Mutanen suna yin kilomita 150 zuwa 200 a mako, shekara da shekaru, da yawansu a tsaunuka irin Iten ta Kenya mai tsayin kusan mita 2,400, inda ƙarancin iskar shaƙa ke sa jiki ƙara jini. Damagaram ba ta kai mita 500 ba. Takalma masu farantin kabon (wani siririn faranti mai tauri a cikin tafin takalmin) da kake gani suna taimakawa, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafinsu a milimita 40 tun 2020, amma kada ka sayar da akuyarka saboda su tukuna.

Naka nauyin ƙafa a kilomita 14, zargina na farko shi ne kana tashi da sauri. Na biyu zafi da ƙishirwa: kai ka fi awa ɗaya da rabi a hanya, rana ta same ka, kuma jinin da ya kamata ya je tsoka yana tafiya fata don sanyaya jiki. Ka tashi a saurin da za ka iya yin magana da na kusa da kai, ka riƙe shi har kilomita 10 ko da ranka na ƙaiƙayi. Doguwar fita sau ɗaya a mako ta isa, kana ƙara kilomita ɗaya ko biyu bayan mako biyu. Wani ya bi ka a babur da ruwa da ƴan dabino. Gwajin cikakken nisan ka bari sai hunturu, ranar da ba hazo. A Afrilu da Mayu kada ma ka fara. In kuwa ka ji jiri, ko tsigar jiki ta tashi cikin zafi, ka tsaya a inuwa nan take, ba jarunta a wannan.

Fita ta gaba ka rubuta lokacin kilomita biyar na farko da na biyar na ƙarshe, ka turo min su in gani.