Wasiƙun bin bashin tsohon ɗan haya sun hana mu barci

Assalamu alaikum Barista. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta, wata bakwai ke nan da muka kama hayar gida, ni da maigidana da yara biyu. Tun satin farko wasiƙu ke shigowa da sunan wani mutum da ban taɓa gani ba. Da fari tara su nake yi a saman firji. Ranar da na ga wata da jan rubutu sai na buɗe, na tarar ana bin mutumin fam dubu biyu da ɗoriya, wai idan bai biya ba za a turo mutane gidan. Maigidana ya ce mu lallaɓa mu fara ba su wani abu, kada abin ya taɓa bizarmu. Wata abokiyar aikina kuma ta ce buɗe wasiƙar da na yi ma laifi ne. Don Allah ina mafita?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki gaishe da maigidan, ki ce na ce ya mayar da katinsa aljihu. Ko sisi kada ku biya. Wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski, kuma a dokar Ingila bashi wuyan wanda ya ci yake bi, ba ya maƙale wa gida. Da shagon da ya ba da kaya, da bankin da ya ba da rance, da kamfanin da ya sayi bashin daga baya, duk da wancan mutumin suka ƙulla, ba da ku ba. Biyan "wani abu" don a zauna lafiya ba ya kawo zaman lafiyar. Abin da zai yi kawai shi ne ya sa sunanku da lambar katinku cikin fayil ɗin da babu ruwanku da shi.

Na san inda tsoron ya samo asali. A gida mun saba ganin an yanke wa sabon ɗan haya wuta saboda bashin wanda ya tashi, mun kuma ga masu ba da rance ta waya suna damun dangin mutum da maƙwabtansa. Sai mu taho da wannan fargaba, mu ɗora mata ta biza. To bashin wani ba ya shiga takardunki na zama. Bashin da ke iya kawo cikas a biza shi ne naki na kanki, misali kuɗin asibitin gwamnati (NHS) da ya kai fam 500 ba a biya ba.

Batun buɗe wasiƙa, abokiyar aikinki ta ji ƙarshen magana ne ba ta ji farkonta ba. Sashe na 84 na dokar aika wasiƙu ta 2000 ya ce laifi ne mutum ya buɗe wasiƙar da ya san ba tasa ba ce idan da niyyar cutar da wani ya buɗe, kuma ba shi da uzuri mai ma'ana. Abu biyu ne sai sun haɗu. Matar da ta buɗe don ta san wa ke shirin turo mata mutane gida ba ta yi niyyar cutar kowa ba. Duk da haka kada ki mayar da shi sana'a. Sauran na saman firjin, ki ja layi a kan adireshin, ki rubuta "Not at this address, return to sender", ki jefa a jan akwatin gidan waya. Ba ya buƙatar kan sarki. Kada ki zuba su a shara, domin shirun da suke ji daga gidan shi ke sa su ɗauka mutumin yana ciki yana ɓuya.

Ita wannan mai jan rubutu, tunda kin riga kin ga sunan kamfanin da lambar fayil, ki aika musu imel. Layi huɗu ya isa: wane ba ya zaune a wannan adireshi, mun shiga gidan ranar kaza, ba mu san shi ba, ku cire adireshinmu daga bayanansa. Ki haɗa da hoton shafin farko na yarjejeniyar haya ko takardar harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, mai sunanku. Na fi son rubutu a kan kiran waya, saboda waya ba ta barin shaida, kuma wanda zai ɗauka aikinsa tatsar bayanai ne. Ba dole ba ne ki ba su ranar haihuwarki ko lambar asusunki, ba kuma aikinki ba ne ki nemo musu inda mutumin ya koma. Idan bashin na rance ne ko na katin banki, ƙa'idojin FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin hada-hadar kuɗi, sun wajabta musu su tabbatar wanda suke bi shi ne ainihin mai bashin. In suka ci gaba, ki shigar da ƙorafi a rubuce. Suna da mako takwas su amsa, daga nan ki wuce ofishin Financial Ombudsman mai sauraron ƙorafi kan kamfanonin kuɗi, kyauta ne. Kada kuma su ce miki ai kwamfuta ce ke fitar da wasiƙun. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar wata mata mai suna Ferguson da kamfanin gas na British Gas, ta ƙi karɓar wannan uzurin, ta ce jerin wasiƙun barazana kan bashin da ba a bin mutum na iya zama tsangwama ko da na'ura ce ta buga su.

Yanzu ga inda nake so ki natsu, wato mutanen da aka ce za a turo. Iri biyu ne, kuma da yawa daga cikinmu ba sa bambancewa.

Na farko ɗan aiken kamfanin karɓar bashi ne. Wannan ba shi da ikon da ya wuce na mai tallar kaya a bakin ƙofa. Ba zai shiga ba, ba zai ɗauki komai ba, kika ce ya tafi dole ya tafi. Na biyu shi ne wanda ake kira bailiff, mai zartar da umarnin karɓar bashi, kamar na hukuncin kotu ko harajin kansul ko tarar fakin. Shi yana da iko, amma a kan kayan mai bashin kaɗai. Ba ya zuwa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 6 na safe. Ba ya shiga idan yara 'yan ƙasa da shekara 16 ne kaɗai a gida. A mafi yawan basussuka ba shi da ikon ɓalle ƙofa ko ture ki ya wuce, sai a 'yan wurare kamar tarar da kotu ta ci mutum kan aikata laifi. Amma fa idan ya murɗa ya ji ƙofa a buɗe, doka ta yarje masa ya shigo. Wannan ne ke kama mutanenmu, mu da muka tashi a gidajen da ake wuni ƙofa a buɗe, baƙo ya yi sallama a ce ya shigo. A nan ki ajiye wannan karamcin. Ki kulle ƙofa, ki gaya wa yaran kada su buɗe wa kowa. Idan ya zo ki yi masa magana ta taga, ki ce ya nuna katin shaidarsa da takardar da ta kawo shi, ki rubuta sunansa da na kamfaninsa. Sannan ki manna yarjejeniyar hayarki da katin shaidarki a gilashi ya gani. Yawanci a nan zancen ke mutuwa, domin shi ma ba ya son ɓata yininsa a gidan da ba zai samu komai ba.

Abin da bai buƙaci ƙofa ba shi ne mota. Idan akwai mota a gaban gidan, yana iya sa mata mari a taya bisa zaton ta mai bashin ce. Ku ajiye takardar rajistar motar (V5C) da rasit ɗin saye da inshora a inda hannu zai kai da sauri. In har aka yi kuskure aka tafi da kayanku, kwana bakwai gare ku ku rubuta wa kamfanin cewa kayan naku ne, tare da hujja. Kada ku tsaya jiran mai gidan haya ya dawo daga tafiya.

Wuri ɗaya da bashin tsohon ɗan haya ke iya cin kuɗinki ba ki sani ba shi ne mitar wuta ko ta gas, idan irin ta kati ce. Mai yiwuwa an ɗora bashinsa a kan mitar, duk sanda kika loda fam ashirin sai ta zaftare wani abu. Idan da katinsa ko makullinsa kuke lodawa, ku kira kamfanin, ku ba da ranar da kuka shiga, a ba ku sabo da sunanku, a kuma mayar muku abin da aka cire. Ko mitar ba ta kati ba ce, wasiƙar kamfanin wuta ko gas ita ce ba na so ki yi wa sakaci, saboda suna iya samo izinin kotun majistare su shiga gida kan batun mita. Ku tabbatar asusun yana da sunanku tun daga ranar shigarku.

Kan tarihin bashinku kuwa, kamfanonin da ke tattara shi, wato Experian da Equifax da TransUnion, da sunan mutum suke ajiye bayani. Zama a gida ɗaya ba ya haɗa ku da kowa, sai asusun haɗin gwiwa ko rancen da aka ci tare. Ki nemi rahotonki a wurinsu, kyauta ne, in kika ga baƙon suna liƙe da naki ki ce a raba ku. Tunda Najeriya tana cikin ƙungiyar Commonwealth, kina iya yin rajistar zaɓe a adireshin, wannan ma yana ƙara nuna ku ne mazauna gidan yanzu.

Duk wannan bayani na Ingila da Wales ne, Scotland tsarinta daban. Idan wani ya dage a bakin ƙofa bayan kin nuna masa takardu, ki ɗauke shi bidiyo ta taga, ki tuntuɓi ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice ko National Debtline, ba sa karɓar kuɗi. In ya fara dukan ƙofa ko yi miki barazana, ki kira 'yan sanda a lambar gaggawa 999.