Tarin Baba da tsohon rufin siminti

Tambaya: Salam Malam. Ni magini ne a nan Damagaram. Mahaifina ya daɗe yana aikin rufi da allunan simintin nan masu toka-toka, da zarto yake yanka su, ya dawo gida fari fat. Yanzu tari ya ƙi ƙarewa ga haki, an auna majina ba tibi ba ne. Wani ya ce asbestos ne, wai a Turai har diyya ake biya. Za mu iya kai ƙara? Kuma ragowar allunan na nan kan garken awakinmu.
Mai karatu daga Birni

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Fara da garken nan tukuna. Allon da yake zaune lafiya bai cika cutarwa ba, matsalar sai an fasa ko an yanka, zaren asbestos da ke cikinsa ya tashi siriri ido ba ya gani, ya shige huhu ya maƙale, kuma ciwon sai ya yi shekara 20 ko 40 bai nuna ba, shi ya sa mutane ke ɗora wa hunturu laifi. Kar ka sa zarto, kar yara su share wurin a bushe, in za a cire a jiƙa da ruwa a ɗauke shi ɗungurum. Takunkumin yadi ba ya tare shi wallahi.

Ku kai Baba babban asibiti a yi hoton ƙirji, ku faɗa wa likita aikin da ya yi da shekarun, don in ba a faɗa ba ba zai yi tunanin amiyant ba, wato asbestos da Faransanci. Yana sa huhu ya ƙandare, yana kawo kansa. In Baba yana shan taba ya bari yau, haɗuwar biyun ce ta fi muni.

Batun diyya gaskiya ne. Faransa ta hana asbestos tun 1997, ta kafa asusun FIVA na biyan waɗanda ya cutar. Amma ko a Italiya, mai kamfanin Eternit, masu yin allunan siminti da asbestos, da kotu ta yanke wa shekara 16 a 2012, babbar kotu ta soke hukuncin a 2014 wai lokaci ya wuce. To kar ka sa rai da yawa. In Baba ya yi aiki ƙarƙashin kamfani kuma yana da lambar CNSS (asusun inshorar ma'aikata), ka tattara takardun albashi da na likita ka je ofishin sufetan ƙwadago. In kuwa aikin jinga ne na baka da baka, wa za ka kai ƙara? Kuɗin lauya gara ya tafi magani.