Tambaya da amsa: Ana cin abinci da rubuta kiɗan kilasik na zamani kuwa?

Tambaya: Salam malam. Ni matashi ne ɗan shekara 23 a Kaduna, ina buga fiyano a situdiyo, ina yi wa mawaƙa kiɗa shekara huɗu kenan. A YouTube na ci karo da irin kiɗan nan na kilasik da ake rubutawa yanzu, ba na su Mozart ba, na mutanen da ke raye, kuma wallahi ya shiga raina sosai. Ina so in koyi rubuta shi ya zama sana'ata amma babana ya ce wa zai biya ka. Dan Allah mutanen nan da me suke rayuwa, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Toh, babanka bai yi tambayar banza ba, ka gaishe min da shi, don tambayar da ya yi ita ce kusan duk wani mai rubuta irin wannan kiɗan yake kwana da ita ya tashi da ita, har waɗanda kake gani a YouTube ɗin sun sha kwat ana tafa musu.

Bari in fara maka da Philip Glass, ɗan Amurka, wanda yau in aka lissafa manyan marubutan kiɗa masu rai ba yadda za a yi a tsallake shi. Mutumin nan ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard a New York, ya je Faris ya zauna gaban shahararriyar malamar kiɗa Nadia Boulanger wajen shekara biyu, ya dawo gida, sannan ya kama tuƙin tasi da aikin famfo, yana ɗaukar kaya yana sauya wa mutane gida. A 1976 aka nuna wasan opera ɗinsa (wasan kwaikwayo na waƙa da kiɗa) Einstein on the Beach a babban zauren Metropolitan na New York, dare biyu, zaure ya cika maƙil, amma da aka yi lissafi bashi ne ya rage musu, ya koma kan sitiyarin tasi abinsa. Sai da ya haura shekara 40 kafin kiɗa ya fara riƙe shi shi kaɗai. Kuma wannan fa wanda ya yi nasara kenan.

Abin da nake so ka lura da shi a labarinsa ba wahalar ba ce, kowa ya iya ba da labarin wahala. A 1968 ya haɗa ƙungiyar makaɗansa, 'yan mutane kaɗan, abokansa, su suke kaɗa abin da ya rubuta a ɗakunan masu zane da gidajen nuna zane-zane tunda manyan zaure ba su san da zamansa ba. Steve Reich, wani marubucin kiɗa ɗan Amurka, shi ma haka ya yi tun 1966. Ba su zauna jiran okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, ta kira su ba. Wannan shi ne gaba ɗayan abin da zan faɗa maka yau, sauran bayani ne kawai: takardar kiɗan da ba a kaɗa ba ba ta da amfani ga kowa, ko kai da ka rubuta ba ka san me ka rubuta ba sai ka ji ta a hannun ɗan Adam.

Yanzu maganar kuɗi. Hanya ta farko ita ce oda. Wata ƙungiyar makaɗa ko masu shirya biki ko gidan rediyo su ce rubuta mana kiɗan minti goma na mutum huɗu, ga kuɗinka, ga ranar da muke so. Yawanci ana duba tsawon kiɗan da yawan makaɗan kafin a yanke farashi, kuma an fi ba da rabi lokacin sa hannu, rabi in ka miƙa aiki. Matsalar ita ce kiɗan minti goma na iya cin wata uku ko huɗu kana kansa, in ka raba kuɗin a kan watannin sai ka ga abin bai taka kara ya karya ba, kuma oda ba kullum take zuwa ba, bana uku baɗi ko ɗaya. Hanya ta biyu kuɗin haƙƙin mallaka, duk lokacin da aka kaɗa aikinka a bainar jama'a ko aka sa a rediyo akwai ƙungiyoyin da ke karɓo maka kasonka, PRS a Ingila, GEMA a Jamus, SACEM a Faransa, ASCAP da BMI a Amurka. Amma a nan ne ciwon yake, don mafi yawan sabon kiɗa sau ɗaya ake kaɗa shi, ranar farko, a yi tafi a watse, shikenan ya koma durowa. Masu wannan sana'a suna yawan cewa samun kaɗawa ta biyu ya fi ta farko wuya, kuma gaskiya ne, kowa na son a ce shi ya fara kaɗa abu a duniya, ba mai son zama na biyu.

Saboda haka mafi yawansu koyarwa ce ke biya musu haya. A Amurka musamman, jami'a ce uban gidan marubutan kiɗa, shi ya sa za ka ga kusan kowa na bin digirin dakta, ba don digirin zai sa ka iya rubutu ba sai don shi ne tikitin samun kujerar koyarwa, kujerun kuma ba su da yawa. A Jamus lissafin daban ne, gwamnati da gidajen rediyo na jama'a ke ɗaukar nauyi, ƙasar na da okestira na ƙwararru sama da 100 da ake riƙewa da kuɗin jama'a, bikin sabon kiɗa na Donaueschingen tun 1921 ake yinsa, kwas ɗin bazara na Darmstadt tun 1946. Faransa na da cibiyar IRCAM a Faris wadda marubucin kiɗa Pierre Boulez ya kafa aka buɗe a 1977, inda ake haɗa kiɗa da binciken sauti da kwamfuta. Wato inda ka zauna shi ke nuna maka wanda za ka roƙa, a Amurka attajirai da gidauniya, a Jamus da Faransa hukuma.

Sai sauran ƙananan ayyuka da ba a cika faɗa ba amma su ke cika tukunya. Gyara wa wani takardunsa na kiɗa su fito tsaf yadda makaɗi zai karanta ba tare da ya yi tsaki ba, wannan sana'a ce mai zaman kanta kuma ana iya yinta daga ko'ina in kana da kwamfuta da intanet. Raba waƙar wani ga kayan kiɗa daban-daban. Kiɗan fim da na wasannin bidiyo da talla. Hildur Guðnadóttir 'yar Iceland mai buga chelo ce (wani babban goge na Turawa) da ta fito daga duniyar kiɗan gwaji, ta ci Oscar a 2020 da kiɗan fim ɗin Joker. Caroline Shaw ta ci babbar kyautar Pulitzer ta Amurka a 2013 tana da shekara 30, kuma mawaƙiya ce, mai buga bayolin ce, har da Kanye West ta yi aiki. Kaga babu wanda ke tsaye da ƙafa ɗaya. To kai da ke da situdiyo a hannu kada ka kuskura ka ce za ka bar shi wai ka zama cikakken marubucin kiɗa, situdiyon nan shi ne tasinka, kuma ya fi tasi tunda kana koyon sauti a ciki, ka iya ɗauka ka iya haɗawa, abin da da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga makarantun kiɗa na Turai sai sun biya wani ya yi musu.

Ta ina za ka fara. Karatun nota, ba makawa. Na san kunnenka ya buɗe, mai yi wa mawaƙa kiɗa shekara huɗu yana kama waƙa tun kafin mawaƙi ya gama baiti, amma wannan duniyar da takarda take magana, makaɗin da bai taɓa ganinka ba a wata ƙasa zai ɗauki takardarka ya kaɗa abin da ke ciki, ba abin da ke ranka ba. Ka sauke MuseScore, manhajar rubuta nota a kwamfuta, kyauta ne, ya ishe ka shekaru kafin ka yi tunanin sayen irinsa na kuɗi, Sibelius ko Dorico. Shafin IMSLP cike yake da tsofaffin takardun kiɗa kyauta, sannan wasu makaɗa huɗu na Amurka da ake kira Kronos Quartet sun sa an rubuta musu sabbin ayyuka 50 sun zuba takardun da sautin a intanet kyauta don masu koyo, ka riƙa buɗe takarda kana sauraro kana bin ta da yatsa, ko da farko kana ɓata a layi na uku. In kana son takardar shaida, akwai jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila, akwai kuma MUSON a Onikan a Legas, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, suna da makarantar difloma ta shekara biyu wadda gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai a cikinta. Jami'ar Nsukka na da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. In ido ya kai waje, yawancin makarantun kiɗa na gwamnati a Jamus ba su da kuɗin makaranta mai nauyi, amma sai ka ci jarrabawar shiga, ka nuna ayyukan da ka rubuta, ka iya Jamusanci, ka kuma nuna kuɗin da za ka ci da kanka.

Wani abu game da kwamfuta, tana yaudara. Ni kaina ta taɓa kunyata ni, ina ɗalibi na rubuta wa wasu makaɗa biyar kiɗa, a kwamfuta yana fita tas kamar ruwa, ranar gwaji aka ba ni minti ashirin kacal, mai busa sarewar Turawa ta kalle ni ta ce a ina kake so in yi numfashi. Layi goma sha biyu na rubuta mata babu wurin shan iska ko ɗaya. Rabin lokacina ya tafi wajen gyara da fensir, sauran makaɗan na zaune suna kallon agogo. Tun ranar ban ƙara rubuta wa kayan kiɗan da ban zauna kusa da mai buga shi na tambaye shi me ke masa daɗi me ke masa wuya ba.

Akwai kuma tarkon gasa. Za ka ga sanarwa da yawa a intanet, turo aikinka da dala kaza, wanda ya ci za a kaɗa masa. Wasu na gaskiya ne, wasu kuɗin masu shiga ne kawai ke riƙe su. Ni dai shawarata ka nemi waɗanda ba a biyan ko sisi, kuma ka lura da yawa suna iyakance shekaru, 30 ko 35, don haka kana da lokaci amma ba mai yawa can ba.

Bari in taɓa abin da ban ji ka tambaya ba amma na san zai zo. Kada ka ɗauka sai ka zama Bature a takarda kafin a saurare ka. Steve Reich ɗin nan da kansa ya taso ya zo Jami'ar Ghana a Legon a 1970 ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe wajen Gideon Alorwoyie, makonni biyar ya yi zazzaɓin cizon sauro ya kore shi, ya koma ya rubuta ɗaya daga cikin manyan ayyukansa. György Ligeti, marubucin kiɗa ɗan asalin Hungary, ya saurari faifan kiɗan Afirka ta Tsakiya da mai bincike Simha Arom ya ɗauka, abin ya shiga cikin ayyukansa na fiyano na shekarun 1980. Mu ma muna da namu da suka riga ka. Fela Sowande ya tafi Landan a 1934, ya buga jaz ya buga ogan a coci, ya rubuta African Suite a 1944, daga baya ya yi aiki a gidan rediyon Najeriya ya ƙare da koyarwa a Amurka. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, digirinsa na dakta a kan gangar dundun ta Yarbawa ya yi shi, 'yar uwar kalangunmu, kuma ya shafe rayuwarsa yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta ganga. Yau Rebeca Omordia, mai fiyano da mahaifinta ɗan Najeriya ne, tana shirya jerin wasanni a Landan tun 2019 na ayyukan marubutan kiɗa na Afirka zalla, ga okestirar Chineke! da Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015. Ƙofofi ne na gaske, ana iya tura musu aiki in ya nuna.

Sai dai ka kiyayi abin da nake kira barbaɗa yaji, wato ka rubuta kiɗa irin na kowa sannan ka ɗora kalangu a sama don a ce na Afirka ne. Masu kunne suna ganewa nan take. Abin da ya fi shi ne ka zauna da mai kalangu ka lura da yadda yake matse tsirkiya a hammata sauti ya hau ya sauka yana bin karin magana, ko mai algaita yadda yake busa ba ya yankewa yana shan iska ta hanci kumatu a kumbure, ka tambayi kanka yaya zan sa bayolin biyu su yi wannan, yaya ma zan rubuta shi tunda layukan nota biyar ɗin nan ba don shi aka yi su ba. Nan aikin ƙirƙira yake, kuma nan ne ɗan Berlin ba zai iya gasa da kai ba.

Ga aikin da zan ba ka na wata uku. A Kaduna ba za ka rasa mai bayolin ko mai kakakin Turawa ba, ka leƙa wajen mawaƙan coci da 'yan badujala, suna karanta nota da yawansu. Ka samu mutum biyu, ka tambaye su abin da hannunsu ya fi so, ka rubuta musu kiɗan minti uku, kar ya wuce haka. Ka kai su situdiyonku ranar da ba kowa, ka saya musu abinci da kuɗin mota, ku kaɗa, ka gyara, ku sake kaɗawa, ka ɗauka da bidiyo mai kyau. In ka yi haka sau uku kana da abin da duk wata makaranta ko gasa za ta fara tambayarka, takarda da sautinta. Na farkon ka kai wa baba ya gani a waya, na biyun ka turo min in duba maka takardar.