Shin da gaske Sarauniya Eleanor ta kafa kotun soyayya?

Tambaya: Na ji ana cewa Sarauniya Eleanor ta Akitaniya ta kafa kotun da mata ke yanke wa masoya hukunci, kuma ita ce uwar ɗakin mawaƙan zamaninta. Haka ne?

Amsa: Malama, zancen kotun ba shi da tushe mai ƙarfi, amma alaƙarta da adabi gaskiya ce.

A gidan waƙa ta tashi. Kakanta, William na 9 mai mulkin Akitaniya, wani yanki a kudu maso yammacin Faransa ta yau, shi ne mawaƙi na farko da baitocinsa suka iso gare mu cikin harshen Oksitan na kudancin Faransa. Ta auri Louis na 7 na Faransa a 1137, aka raba auren a 1152, bayan mako takwas ta auri Henry, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1154.

Labarin kotun daga littafi guda ya fito, De Amore, wanda Andreas Capellanus ya rubuta da Latin a ƙarshen ƙarni na 12. Ya jero shari'o'in masoya 21, ya sa wasu hukunce-hukuncen a bakin Eleanor da 'yarta Marie. Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar littafin a matsayin rajistar kotu, alhali wasan basira ne irin na fada. Babu takardar mulki ta lokacin da ta ambaci zaman wannan kotu. Ga shi kuma daga 1173 zuwa 1189 Eleanor tana tsare a hannun mijinta, saboda ta mara wa 'ya'yanta baya da suka yi masa tawaye.

A kan alaƙarta da adabi, shaidar da ta fi tsayuwa ita ce ta mawaƙi Wace, wanda ya kammala Roman de Brut a 1155, waƙar tarihi mai layi kusan 15,000, inda aka fara ambaton zagayayyen teburin Sarki Arthur. Mawaƙin Ingila Layamon ya ce Wace ya miƙa wa Eleanor littafin. Ta Marie ma ta fi ƙarfi: mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes da kansa ya rubuta cewa Marie ce ta ba shi jigon labarin Lancelot, ɗaya daga cikin jaruman Sarki Arthur.

Eleanor ta rasu a 1204. A gidan ibada na Fontevraud da ke Faransa akwai siffarta ta dutse kusa da ta Henry da ta ɗanta Richard: tana kwance da kambi a kai, hannayenta biyu riƙe da buɗaɗɗen littafi a saitin ƙirjinta.