Wa ya gano yadda jiki ke karanta RNA ya ƙera furotin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a. An koya mana cewa haruffan RNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, uku-uku ake karantawa, kowane uku na nuna amino asid guda, wato tubalin ginin furotin. To yaya aka yi aka san haka, alhali ba abu ba ne da ido ke gani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Mutane da dama sun sa hannu a aikin, amma wanda nake so ki riƙe sunansa shi ne Har Gobind Khorana.

An haife shi a 1922 a Raipur, wani ɗan ƙauye a yankin Punjab da yanzu ke cikin Pakistan. Mahaifinsa ƙaramin malamin haraji ne, kuma a gindin bishiya yaron ya fara karatu. Daga Lahore ya samu tallafi ya tafi Liverpool a Ingila, ya kammala digiri na uku a 1948, ya zaga Zurich da Cambridge da Vancouver, kafin ya sauka a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1960.

A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka zuba RNA mai harafin U zalla cikin ruwan da aka tatso daga bakteriya, sai ga sarƙar amino asid mai suna fenilalanin ta fito. Ƙofa ta buɗe ke nan. Gwanintar Khorana kuwa ita ce haɗa sarƙa da jerin da ya ga dama, harafi bayan harafi. Ya haɗa UCUCUCUC, ya ba ribosom, wato ɗan injin da ke karanta RNA ya jera amino asid a cikin ƙwayar halitta. Ɗauki biro ki gwada da kanki. In biyu-biyu ake karantawa, UC za a yi ta maimaitawa, amino asid iri ɗaya ya fito. In uku-uku ne, UCU za a samu, sannan CUC, sannan UCU. Abin da ya fito shi ne amino asid iri biyu, serin da lusin, suna karɓa-karɓa. Har yau gwajin nan na burge ni, don duk ɗalibin da ya yi shi a takarda ba ya sake mantawa.

Da irin wannan aiki aka warware kodon 64, wato rukunan haruffa uku-ukun nan, aka san wanne ke nuna wanne cikin amino asid 20, da ukun da ke tsayar da ribosom. A 1968 Khorana ya raba kyautar Nobel da Nirenberg da Robert Holley. Ya koma jami'ar MIT ta Amurka a 1970, ya rasu a 2011.

Kin san ciwon sikila, da wuya a rasa mai shi a unguwa. A masu ciwon, a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, kodon GAG ne ya zama GUG. Ki duba teburin kodon da ke littafinki: maimakon gulutamik asid, amino asid mai suna balin ne ribosom ya jera, kuma shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙasa.