Amsa ga mai neman yadda zai kula da bindigar farautarsa da kayan cikin gida

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da bindigar farauta mai baki biyu da lasisinta, ga kuma ta toka ta mahaifinka a wajenka, duk damina sai tsatsa ta kama su, man goge bindiga na kanti kuma ya yi tsada, shi ne kake tambaya ko akwai abin da ke cikin gida da zai yi aikin. Akwai, har da yawa. Sai dai wasu abubuwan da mutane ke shafa wa bindigoginsu su ne ke cinye su, don haka zan faɗi mai amfani, in faɗi mai ɓarna.

Kafin ka taɓa tsumma ka tabbatar babu komai a ciki. Mai baki biyu ka karya ta, wato ka buɗe ta a gaɓarta, ka zare harsashi, ka leƙa bututun biyu ta baya sai ka ga haske, harsasan kuma ka fitar da su daga ɗakin. Ta toka ba a leƙa ta, da sandar ɗuri ake gane ta. Ka zura sandar har ta tsaya, ka riƙe daidai bakin bindigar da yatsa, ka zaro ka shimfiɗa ta a jikin bututun ta waje. Idan ta kai har inda ɗan ramin wuta yake, wato ramin da wuta ke bi ta kama albarushi, babu ɗuri; idan ta gaza da yatsa biyu ko uku, akwai abu a ciki. Ranar da ka tabbatar babu komai, ka yi wa sandar tsaga da wuƙa daidai bakin, ka huta da awo. Albarushin da bai jiƙe ba yana yin shekaru da ƙarfinsa, kada tsufan bindigar ya ruɗe ka.

Wajen goge cikin bututun mai baki biyu, igiya ta fi komai sauƙi. Ka samu igiyar nailan mai ƙwari kamar mita ɗaya da rabi, ka ɗaura ɗan noti a gefe ɗaya ka naɗe shi da salatif don kada ya karce ƙarfe, ɗaya gefen ka yi masa zarge. Tsumman kuma tsohuwar singileti ce ta auduga zalla, wadda aka wanke. Faɗin bututun mai lamba 12, wato lambar girman bututu da harsashinsa, kusan milimita 18 da rabi ne, don haka ka yanka tsumman santimita 7 zuwa 8 kowane gefe. Ka saƙala tsumman a zargen, ka saki notin ta baya ya fito ta baki, ka ja. Kullum daga baya zuwa baki, don dattin ya fita waje maimakon ya zuba cikin injin bindigar. Abin da ke lalacewa a nan shi ne tsumma ya yi girma: sai ya cije a tsakiya, igiya ta tsinke. Idan ka ji ja ya yi tauri tun daga farko, ka koma da shi ka rage. In kana son sanda, ka nemi ta katako miƙaƙƙiya mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Rodi ko waya mai kauri ba sa shiga bututu, karcen da suke bari nan tsatsa ke fara zama.

Abin narkar da datti shi ne kananzir, in ka gauraya shi rabi da rabi da jan man giyar mota, wanda makanikai ke kira ATF, ya fi kyau, don yana wankewa yana kuma barin ɗan maiƙo. Ka jiƙa tsumma ka ja sau biyu, ka bar shi minti 10 zuwa 15, sannan ka bi da busassu har na ƙarshe ya fito fari. Idan ka ɗaga wa haske ka ga zane-zane masu duhu kusa da inda harsashi ke zama ko dab da baki, ragowar dalma ce da roba, tsumma ba ya cire su. Ka feɗe tsohuwar wayar lantarki mai silli-silli, ka naɗe sillin jan ƙarfen a kan tsumman da ke kan sanda, ka goga da mai. Jan ƙarfe bai kai ƙarfen bututu tauri ba, shi ya sa yake kankare dalma ba ya cin bindiga. Amma ka gwada wayar da maganaɗisu tukuna, akwai mai arha da baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti ja. In ta manne, ka jefar. Lungu-lungu kuwa tsohon buroshin haƙori da tsinken tsire sun isa. Fetur kada ka kusance shi, tururinsa kaɗai yana kama wuta. Man birki kuma yana saɓe fentin katako nan take.

Man da za ka bari a jiki shi ne man keken ɗinki, ko sabon man inji in babu. Baƙin man da aka juye daga mota ko janareta bai dace ba, cike yake da garin ƙarfe da dattin ƙuna. Man gyaɗa da manja su ma haka, bayan 'yan makonni suna yin danƙo su riƙe kunama da allurar da ke dukan harsashi, ranar da ake bukatar bindiga ta ƙi tashi. Sannan yawa ba shi ne kula ba. Cikin bututu tsumma mai ɗigo uku ya bi sau ɗaya. Inda bindigar ke karyewa ɗigo biyu, ko giris kamar ƙwayar gero. Ramin allura kada ka ɗiga masa komai. Da hunturu ma sai ka ƙara ragewa, don ƙura idan ta haɗu da mai tana zama abin da ke cin gaɓoɓin a hankali har bindiga ta soma girgiɗi.

Ta toka hukuncinta daban, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Tokar albarushi tana ɗauke da gishiri-gishiri mai janyo danshi, mai kuma ba ya narkar da shi, ruwa ne ke narkar da shi. In ka zuba mai a kan tokar sai su haɗu su yi kwalta, tsatsa na ci a ƙarƙashi. Ranar da aka harba ta, ranar za a wanke ta, kada ta kwana. Ka raba bututun da katakon in yana rabuwa, ka tsoma gindinsa cikin bokitin ruwan zafi da ɗan sabulu, ka sa tsumma a sanda ka riƙa turawa kana ja, za ka ga ruwa na shiga yana fita ta ramin wuta baƙi ƙirin. Ka canza ruwa har ya fito garau. Na ƙarshe ka kwarara tafasasshe, ka riƙe da tsumma don zai ƙona ka. Zafin ƙarfen ne zai busar da shi. Ka bi da busassun tsummoki, ka shafa mai tun yana da ɗumi, don in ka jinkirta ko na rabin awa ne za ka ga ja-ja ya fito. Kafin a sake ɗura ta a goge man tas. Idan kuma ka ga tsatsa ta yi ramuka masu zurfi, ko wata tsaga a gindin bututun, wannan bindigar ta gama aiki, ta koma ta tarihi. Garin da ke cikin harsashin zamani kuma ba ya shiga ta toka ko kaɗan, ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai ɗauka, fashewa take yi a hannu.

Tsatsar da ta riga ta fito a waje, ka jiƙa ta da mai ta kwana, da safe ka goge da dunƙulen sillin jan ƙarfen nan a hankali. Soson ƙarfe na wanke tukunya da sanfefa suna tafiya da baƙin rinin da ke kare ƙarfen, lemon tsami da ruwan kal su ma haka. Wurin zai yi fari yana ƙyalli, ka ɗauka ka gyara, bayan mako biyu tsatsar ta dawo ta fi da. Katakon kuma ba ya son man inji, laushi yake sa shi har ya tsage a wuya. Kakin zuma ko man goge takalmi marar launi ya ishe shi.

To, ajiya, wadda ita ce asalin matsalarka. Jakar fata, bargo, leda da akwati mai soso a ciki duk riƙe danshi suke yi a jikin ƙarfe. Jaka ta tafiya ce kawai. Jingina ta da bangon siminti ko kwantar da ita ƙarƙashin gado shi ma yana jawo tsatsa, musamman a watan Agusta. Abin da na fi ba da shawara shi ne tsohuwar kabad ɗin ƙarfe ta ofis, ko dogon akwatin ƙarfe. Mai walda ya sa mata maƙalar kwaɗo biyu, sama da ƙasa, a ɗaure ta da bango da noti daga ciki yadda ba za a ɗauke ta ɗungurungum ba. A ƙasa ka shimfiɗa katako. Inda bututu zai jingina ka sa guntun soson da ake rufe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi, ka lulluɓe shi da tsumma don kada roba ta manne da ƙarfe. Bayan shafa mai ka tsayar da ita baki ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, don rarar man ta gangara waje maimakon ta tsuma katako. Wasu na amfani da mataccen firji, ni ban so ba, yaro na iya shigewa ya rufe kansa.

Maganin danshi shi ne 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi, jaka da kayan lantarki. Ka roƙi masu shago su tara maka. Ɗaya ko biyu ba sa komai, ka tara abin da zai cika gwangwanin madara biyu, ka farke ka juye cikin tsohuwar safa ka ɗaure. Suna ƙoshi, don haka duk wata a damina ka juye su a faranti na ƙarfe ka gasa a wuta kaɗan, wajen digiri 120, awa ɗaya zuwa biyu, su huce a rufe ka mayar. Gawayi busasshe yana ɗan taimakawa, shinkafa ba ta taka kara ta karya ba. Gishiri kada ya shiga kabad ɗin, ruwa yake zama ya ci ƙarfe. Idan ajiyar ta watanni ce, ka shafa basilin siriri a ƙarfen waje, ka kuma goge duk inda yatsa ya taɓa, gumi ma gishiri ne.

Akwai zanzaro. Yana son bakin bututu ya gina ɗakinsa na laka a ciki, wanda bai duba ba ya harba, bututu ya kumbura ko ya fashe. Kada ka ce za ka cusa tsumma a baki, mantawa ake yi, shi ma toshewa ne, ga zoben tsatsa da yake bari. Ka zura safar yaro ta waje ka ɗaure, wadda ido zai gani.

Harsashi wurinsa daban, makullinsa daban. Robar abinci mai murfi mai kamawa da ƙunshin silika biyu a ciki ta isa, a cikin wani akwatin mai kwaɗo, nesa da madafa da zafin kwanon rufi. Ba a shafa wa harsashi mai. Wanda ya kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa kada a tura shi da ƙarfi. Kada kuma ka haɗa mai lamba 20 da mai lamba 12 wuri ɗaya: ƙaramin, wato mai lamba 20, yana zurmawa cikin bututun babbar ya maƙale, a ɗora wani a bayansa. Mai baki biyu tana da wani sauƙi, in ka cire katakon gaba bututun na rabuwa da gindin, ka kulle su wuri biyu, yaron da ya samu ɗaya bai samu bindiga ba. Makulli ya zauna a jikinka, yara sun san ƙarƙashin matashi da saman kabad. A nan ne kaɗai zan ce kada ka yi tsimi, ka sayi kwaɗo mai kyau. Ta tokar nan ma ka je ofishin 'yan sanda ka daidaita takardarta, dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta shafi irinta, kasancewarta ta mahaifinka bai wadatar ba.

Wajen gwada saiti, a wurin da aka amince a yi harbi, ƙafar tsohon wandon jins ka yanke ka cika da yashi busasshe ka ɗaure gefe biyu, biyu sun isa matashi ga bututu da gwiwar hannu. Abin bara kuwa babban kwali ne a kafe da sanduna biyu na itace. Ka zana da'ira mai faɗin santimita 76, ka koma mita 35, ka harba kowane bututu a kwalinsa, za ka ga inda kowanne ke zuba da yadda yake warwatsawa. Bayan kwalin dole tudun ƙasa mai laushi ne da ya fi mutum tsawo, kuma ka san abin da ke bayansa, don ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu suna wuce mita 200, manyan kuwa suna wuce 500. Kwalba, dutse, tsohon wilin mota, taya da fuskar ruwa duk suna mayar da ƙwaya inda ba a nufa ba. Auduga a kunne ba ta tare ƙarar bindiga. 'Yan soson toshe kunne da farin gilashin masu aikin ƙarfe suna nan a shagunan kayan gini da arha, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. In kun gama ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda dalma. Gugar ma a kan tsohuwar jarida za ka yi ta a waje, nesa da tabarmar da yara ke zama, tsummokan mai kuma ka tara su a gwangwani mai murfi.